Yadda Kurege Ya Zama Goran Iri

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in da daɗi mu riƙe ta.

To ku gyara zama, ku daina tona wutar nan. Labarin kankana ne, wanda yawunsa ya tsinke ya haɗiye abinsa, don ban zo muku da ko ɓawo ba.

A wani ƙauye an yi wata tsohuwar Bushiya, yaro da babba Inna suke ce mata. Ba ta da saniya, ba ta da akuya. Abin da ta gada wajen kakarta ɗan gora ne guda, cike da toka, an toshe bakinsa da totuwar masara. A cikin tokar nan irin wata kankana yake kwance, wadda babu kamarta ko'ina. Ɓawonta baƙi ne da ɗige-ɗigen fari kamar jikin zabo, shi ya sa ake ce mata Zabuwa. In an fasa ta cikinta rawaya ne, 'ya'yanta kuwa jajaye. Zaƙi kam kada ku tambaye ni, ni ma ji na yi. An ce wanda ya sha tsagi ɗaya yakan kwana uku yana lasar leɓe, ana yi masa magana yana murmushi shi kaɗai.

Ana nan, wata shekara fara ta cinye shukar Inna, shekarar da ta biyo baya ruwa ya ɗauke. Da ta zazzage goran ta lalube tokar, ƙwaya goma sha biyu kawai ta samu. Ga baya ya ƙi, ba ta iya sunkuyawa, ga ido ya yi hazo. Iri kuwa in ya daɗe a gora mutuwa yake yi. Tsohuwa ta shiga damuwa ƙwarai, ba don cikinta ba, sai don kada abin da ya bi hannu-hannu tun kakannin kakanni ya zo ya ƙare a nata hannun.

A ƙauyen nan ba a sayar da iri, ba a kuma kyautar da shi. Amana ake ba da shi, a gaban shaida. Wanda ya karɓa sai ya shuka a garkarsa, wato ɗan lambun bayan gida. In yaɗo ya yi 'ya'ya, ya ɗaura wa ta fari kaba, ita ce ta mai iri. Ranar fasawa shaida ne zai fara ɗanɗanawa, kuma dole ya ga 'ya'yan da idonsa sun koma wa mai su. Sauran kankanar duka ta manomi ce.

Wannan magana ta sauran duka ita ta shiga kunnen Kurege ta ƙi fita. Sai ga shi kullum da safe a ƙofar Inna, ya share mata tsakar gida, ya ɗebo ruwa, ya tambayi baya, ya sake tambayar baya, har bayan ma ya gaji da gaisuwa. Inna ta san ruwa ba ya tsami banza. Amma ta duba ƙauyen kaf, Zomo ba ya iya zama wuri ɗaya, Kunkuru kafin ya gama rami ɗaya damina ta wuce, Kurege kuwa wajen tona ƙasa ba shi da na biyu. Ta ce ta yarda, amma Kura ce shaida.

Kura ta zo tana hamma. Ta ce ita ba ta da dogon sharaɗi. In iri ya dawo, tsagi ɗaya ya ishe ta. In iri bai dawo ba, Kurege ya ishe ta.

Kurege ya yi dariya ya ce, "Na yarda, Yaya Kura. Ai ko wutsiyata ba za ki ɗanɗana ba."

Ya rungumi gora ya tafi gida yana tsalle. Ya zauna a inuwar dangarsa, ya cire totuwa, ya zube 'ya'yan a tafin hannu. Jajaye, ɓul-ɓul, suna ƙamshi. Ya dube su, ya kau da kai, ya sake dubansu. Sai ya ce wa kansa manomin kirki ba ya shuka irin da bai tabbatar yana da rai ba, kuma ƙwaya ɗaya ba ta rage iri. Ya jefa ɗaya a baki ya tauna. Kai, ashe tokar nan ta yi musu wani garɗi. Amma fa bai natsu ba lokacin da yake taunawa, don haka bai ji ko da rai ko babu ba. Ɗaya ba ta rage iri. Ta biyun tana da rai, to amma wa ya san ta ukun? Ɗaya ba ta rage iri. Haka ya yi ta bincike, bawan Allah, bincike mai zurfi, har ya buɗe hannu ya ga saura uku.

Bai gama zare ido ba sai ya ji muryar Kura ta saman danga. "Ɗan wutsiya, an shuka?"

Kurege ya watsa ukun nan a kumatu, ya ce, "Tun da hantsi, Yaya."

Kura ta ji daɗi, ta miƙo hannu ta ɗaka masa duka a baya don yabo. Ƙut, ukun suka wuce ciki ba tauna. Ta tafi tana cewa yaron nan ashe zai yi hankali. Shi kuwa ya bi goran da kallo, babu komai ciki sai toka. Washegari da sassafe tsoro ya murɗa masa ciki, ya ruga bayan danga, can gindin wata geza inda bai saba zuwa ba, ya yi abin da ya kai shi, ya dawo bai waiwaya ba. Ku riƙe gezar nan a ranku, za mu koma mata.

To yanzu me zai shuka? Kurege bai daɗe yana tunani ba, don ƙarya ba ta yi masa nisa. Ya ɗauki goran ya nufi juji. Duk ƙwayar da ya gani, fara ko baƙa, mai faɗi ko mai tsini, ya tsince. Ya bi bakin kasuwa inda ake zubar da shara, ya tsince. Ya je ƙarƙashin tsamiyar da tsuntsaye ke kwana, can ma ya tsince, yana toshe hanci. Ya dawo ya tona ramuka goma sha biyu a jere, ya zuba uku nan, biyar can, ya rufe, ya ce Allah ya sa a cikin taron nan a samu mai kama da kankana. Ruwa kuwa ya sauka kamar da shi aka yi shawara.

Kwana bakwai garka ta tsira, kwana ashirin ta haukace. Kowane rami da abin da ya ga damar fitarwa. Wani yana yaɗo a ƙasa, wani ya kama danga yana hawa, wani ya miƙe tsaye ƙiƙam ya ƙi kwanciya. Inna takan dogaro sandarta ta zo, ta shafa ganye da hannu tunda ido ba ya taimako. In ta ce wannan ganyen ya cika faɗi, Kurege ya ce taki ne. In ta ce wannan ya cika gashi, ya ce sanyin safiya ne. Ran da ta tarar da ɗaya a saman danga ta ce ita dai ba ta taɓa jin Zabuwa ta hau sama ba.

Kurege ya ce, "Shekara biyu fa tana dunƙule a gora, Inna. Miƙa take yi."

Inna ta saki ganyen. Zuciyarta ta ba ta cewa akwai lauje cikin naɗi, amma tana so ƙwarai abin ya zama gaskiya, don haka ta koma gida ba ta ƙara tambaya ba.

Da 'ya'ya suka fara fitowa, sai ƙauye ya ɗauka. Ana cewa ku zo ku ga garkar Kurege, iri ɗaya ya shuka, abu goma ya fito. Aka yi ta tururuwa. Wani zai ji kunya ya ɓuya, amma Kurege sai ya naɗa ɗan rawani, ya tsaya a ƙofar garka yana bayani. Ya ce tsohon iri haka yake, in ya tashi fitowa sai ya gayyato danginsa na nesa. Dogon nan da ke reto a danga, wanda ni da ku mun san soso ne, ya ce kankanar matafiya ce, a sha ruwanta a yi wanka da sauran. Duman da ya yi wuya ya ce wannan mai ladabi ce, da ludayinta ta zo. Kabewa ya ce uwar ɗakinsu ce, ƙiba ta hana ta zane. Gurji ya ce autarsu ce, ba ta girma. Barkono guda ya fito a tsakiya, ya ce mai gadinsu ne. Har wani ɗan tsiron kuka ya leƙo a rami na ƙarshe, Zomo ya tambaya wannan fa, Kurege ya girgiza kai ya ce wannan kankanar sai jikokinku, ba a gaggawa da ita.

Jama'a suka yi ta mamaki. Wannan ya kawo gyaɗa, wancan ya kawo aya, kowa yana so a sa shi cikin waɗanda za su ɗanɗana. Kurege ya yi kumatu, ya yi sheƙi, har ya fara mantawa cewa ƙarya yake yi. In ya kwanta rana sai ya ji kansa yana cewa lallai kabewar nan ta yi kama da danginta.

Abu ɗaya ne ya sa ransa a kai. A rami na huɗu wani yaɗo ya fito mai ganyen kankana sak, ya zuba 'ya'ya zagaye masu zane. Kurege ya yi rawa, ya ɗaura wa ta fari kaba. Da ya ga ba kowa, ya gatsa wata ƙarama don ya ji. Ɗaci ya tsaga masa kai har wutsiya, yinin ranar kuma bai zauna ba, yana hanyar kewayawa. Ashe kwartowa ce, wadda ake sha don wankin ciki. Duk da haka bai kwance kabar ba. Ya ce in shaida ta riga ta ce da zaƙi, magana ta ƙare.

Ranar fasawa ta zo. Kura ta riga kowa isowa, ko karyawa ba ta yi ba, jama'a suka biyo ta. Inna kuwa tana can tana jan ƙafa da sandarta. Kurege ya ga dama ta samu. Ya tsinko mai kabar da wasu biyu, ya ajiye gaban Kura, ya rage murya yadda kowa zai ji, ya ce akwai wani sirri da ya kamata ta sani. Zabuwa zuma ce a bakin kowa, in ban da wanda ya taɓa satar akuya, shi ɗaci yake ji.

Kura ta dubi jama'a, jama'a suka dubi Kura. Ta ajiye mai kabar gefe saboda ta mai iri ce, ta ɗauki ɗaya ta ragargaza. Kunnuwanta suka kwanta, hawaye ya zubo shar. Aka tambaye ta yaya. Ta ce zuma. Don kada a yi zargi ta ƙara da ta biyun, ta ce wannan ma ta fi, hawayen daɗi ne.

Daidai nan Inna ta iso. Aka miƙa mata mai kabar. Ta shafa, ta kai hanci, ta ajiye a hankali.

Ta ce, "Wannan kwartowa ce."

Tsohuwa ta shiga garka tana bin ramuka ɗaya bayan ɗaya, tana shafawa tana faɗa. Soso. Duma. Kabewa. Gurji. Barkono. Da ta kai ga ɗan kukan nan sai ta tsaya, ta juyo.

Ta ce, "Ɗan nan, ina 'ya'yan kakata?"

Inna ta fashe da kuka, kuka na gaske, har waɗanda suka zo dariya suka sunkuyar da kai. Shi kansa Kurege sai da ya ji tausayinta, ko da yake bai daɗe ba, don Kura ta taso tana wasa haƙora. Taku biyu ta yi, cikinta ya yi wata ƙara kamar hadari. Ta dafe, ta ce a riƙe mata abincinta yanzu za ta dawo. Ba wanda ya motsa sai Inna. Ta share hawaye, ta zo ta zauna daram a kan wutsiyar Kurege da ƙayoyinta duka, Kura kuma ta tsallake danga ta nufi gindin geza.

Kun tuna gezar? To.

Aka ji shiru, aka ji abin da ba a faɗa, aka sake jin shiru. Can sai ga Kura ta dawo tana layi, tana garo wani abu da hanci. Baƙi ne, babba, da ɗige-ɗigen fari. Ta ce ita dai tana tsugune ta ji abu yana tokare ta. Aka garo shi gaban Inna. Ta shafa, ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne. Sai ta rungume shi kamar jariri, tana kuka tana dariya, tana kiran sunan kakarta. Zabuwa ce, guda ɗaya tak, ta nuna ita kaɗai a cikin ciyawa ba wanda ya taɓa yi mata noma.

Da ta natsu ta tambayi Kurege yadda aka yi iri ya bar gora ya je gindin geza. Kurege ya dubi sama. Zomo ne ya fara ganewa, ya faɗi yana birgima. Daga nan dariya ta kama kowa, har Kunkuru sai da ya kife aka tashe shi.

Kura ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan kankana ba a garka ta fito ba, ba a ɗaura mata kaba ba, gyauro ce Allah ya tsirar. Amana dai an ci ta, ita kuma an shayar da ita kwartowa a gaban mutane, ga cikinta yanzu fayau, daidai Kurege. Jama'a suka ce gaskiya ne, abin da ka shuka shi za ka girba. Inna ta ce to a bari ta cire iri tukuna.

Ta tashi daga kan wutsiyar, ta karɓi wuƙa, ta tsaga. Ƙamshi ya cika garka. Ciki rawaya, 'ya'ya jajaye, ba su da yawa, don tsohon iri ba ya cika 'ya'ya. Ta tsince su ɗaya-ɗaya ta zuba a ƙoƙo, ta rarraba tsagi, kowa ya samu ban da mai laifi. Idon kowa ya lumshe, bakin kowa ya cika. Kurege ya dubi ƙofa, Kura na wurin. Ya dubi danga, ta yi tsawo. Ya dubi ƙoƙo.

Tsalle ɗaya ya yi, ya kafa kai, ya haɗiye su duka. Wannan karon bai tauna ko ɗaya ba, ya riga ya koyi darasi. Ya goge baki, ya hau kan kabewa ya tsaya.

Ya ce, "Jama'a, yanzu ni ne goran iri. Wanda ya ci ni ya ci Zabuwa har abada."

Kura ta yo kansa. Inna ta sha gabanta ta baje ƙayoyi. Ta ce haƙoran da ke niƙa ƙashin raƙumi ba za su bar 'ya'yan kankana ba, don haka ba mai taɓa yaron nan sai iri ya sauka. Bayan nan ba ruwanta.

Abin nema ya samu. Kurege ya gane muddin iri na ciki, shi sarki ne, sai ya ƙudura ba zai sauke ba. Ya ce iri ba ya son rana, aka yi masa rumfa. Ya ce iri yana son gyaɗa, aka soya. Ya ce iri ba ya son tafiyar ƙasa, Kura ta goya shi tana ƙunƙuni, yana ce mata a hankali Yaya, kada ki girgiza amana. Duk inda ya nufa ƙauye na biye da shi. In ya ɗan yamutsa fuska sai a yi cirko-cirko, Zomo ya rugo da ƙoƙo, shi kuwa ya yi hamma ya ce tukuna, iri bai shirya ba. In ya tashi tsaye a tashi, ya ce tukuna, miƙa yake yi. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, yana ci yana matsewa, cikinsa ya yi tulu, idanunsa suka firfito, amma bakinsa bai daina cewa tukuna ba.

Inna ta ga in aka biye masa iri zai ruɓe a cikin ɗan banza. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ta koma garka ta ɗauko kwartowar nan mai kaba, ta daka, ta tace, ta dama fura mai kauri, ta zuba zuma har ta rufe ɗacin. Ta kawo masa da kanta a sabuwar ƙwarya.

Ta ce, "Sha, ɗan nan. Wadda ka ɗaura wa kaba ce na sa maka a ciki. Hakkina ce, na bar maka."

Kurege bai ji ƙarshen maganar ba, zumar kawai ya gani. Ya kafa kai sai da ya ga gindin ƙwarya, ya lashe. Sannan maganar ta iso kunnensa. Ya dubi Inna, Inna ta gyara zama. Ya dubi Kura, Kura ta gyara tsayuwa. Cikinsa ya ce ƙululu.

Nan Kurege ya ga lissafi ya ƙare. In ya zauna iri zai sauka, in iri ya sauka Kura za ta hau. Sai ya zura da gudu. Kura ta bi shi, jama'a suka bi Kura, Inna tana baya a kan Kunkuru tana cewa a yi sauri. Bai kai bakin rijiya ba na farko ya sauka. Kura ta kusa cafke shi, sai ya waiwayo ya yi kira.

"Shaida, ga iri ya dawo, zo ki gani da idonki."

Kura ta ce ba ta gani. Jama'a suka ce a'a, al'ada ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ta sha tsaginta, sai ta shaida. Dole ta ja birki, ta sunkuya, ta toshe hanci, ta ce ta gani, jajaye biyu. Kafin ta ɗago Kurege ya kai bakin kasuwa. Can ma ya ce shaida, ga iri. Ta tsaya, ta duba, ta shaida. Gindin tsamiya, shaida ga iri. Kan juji, shaida ga iri. Har ƙofar gidan Kurar ya bi, don iya shege, ya ajiye mata nata kason. Yana gudu yana saukewa, yana saukewa yana ƙara sauƙi, ita kuwa tana tsayawa tana ƙara haushi. Da na ƙarshe ya sauka a bakin daji, ta ce ta gani tun kafin ta duba, ta yi wani wawan tsalle. Kurege ya faɗa wani rami, ta samu wutsiya. Ta ja, ya ja, ta tsefe ta da haƙora tun daga gindi har ƙarshe, ya zare abarsa. Ta ɗanɗana wutsiyar dai, amma gashi kawai ta samu. Shi ya sa har yau wutsiyar kurege take buzu-buzu.

Saura kwashe iri. Inna ta ce wa zai tsince mata. Zomo ya ce hannunsa na ciwo, Kunkuru ya ce shi ya yi dako, kowa ya tuna yana da aiki a gida. Tsohuwa ta yi tsaki, ta bi wuraren ɗaya bayan ɗaya tana tura ƙasa da sandarta tana rufewa, ta ɗora dutse a gefe don alama. Ta koma gida da gora babu komai, ta yi rani guda ba ta san ko ta tsira da abin kakarta ko ta rasa ba.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Wata safiya Zomo ya shigo gidanta ba sallama, ya ja ta har bakin rijiya, ya ɗora hannunta a kan wani ganye. Ta shafa, ta daɗe tana shafawa, ta ce ita ce. A bakin kasuwa ita ce, a gindin tsamiya ita ce, a kan juji ta fi ko'ina kyau. Shekarar nan ƙauyen ya sha Zabuwa har aka riƙa ba baƙi. Inna ta cika goranta, ta cika na maƙwabta, ta ce daga yau kowane gida ya ajiye, ita ta gaji da kwana da fargaba ita kaɗai. Kura ma ta samu guda bakwai a ƙofarta, tana sha tana cewa ba don halinsa ba da ta ce yaron ya iya shuka.

Kurege fa? Yana bakin daji, ba dama ya shigo. Sai ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya haɗe hannuwa a ƙirji, yana hango mutane suna sha, yana duba ko Kura na tafe. In kun ga kurege ya yi tsayuwar nan, abin da yake dubawa ke nan. Shi da ya haɗiyi irin Zabuwa har sau biyu, bai taɓa sanin ɗanɗanon cikinta ba, abin ya dame shi har ya rame.

Ran nan da hantsi ya leƙo, sai ya ga Inna tana juyawa da sandarta, ga tsagi babba ta ajiye masa a bakin rami, rawaya, yana naso. Ashe sai da ta zauna ta tsince 'ya'yan tas, ko ɗaya ba ta bari ba. Ya cinye har ɓawo, ya lashe hannu. Inna ta tsaya daga nesa ta tambaye shi yaya ya ji.

Ya ce, "Da zaƙi, Inna, Allah ya saka. Amma gaskiya 'ya'yan sun fi garɗi. Ba ki zo da ko ɗaya ba? Ai ɗaya ba ta rage iri."

Inna ta wurga masa sandar, ta tafi gida tana dariya ba sanda.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Ba don na ga kankana ta fito a juji da idona ba, da na ce ƙarya na shirga muku. Darasin kuwa shi ne, in an ba ku amana kuka ga lallai sai kun ci, to ku haɗiye, kada ku tauna. In kuma kuka tsinci kankana inda ba wanda ya shuka, ku sha abinku ku gode Allah, kada ku tambayi wanda ya kai ta wurin.